Bido Uku Da Na Aika Tsibiri

Sunana Lawali, mutumin Tsibiri ne ni, kuma tun ina yaro Inna take kira na Sarkin Wasiwasi. Nakan kulle ƙofa, in yi taku goma, in dawo in ja kwaɗon. Nakan sake alwala don kawai ban tabbata na shafi kunnen hagu ba. Na fara da wannan ne don a san ba sakaci ya jawo abin da zan faɗa ba. Da sakaci ne, da zuciyata ta fi samun sauƙi.

A shekarun da jam'iyyu suka fito, bayan taron ƙasa, Maraɗi ta cika da tutoci da lasifika, amma aiki ya ƙafe. Yau yajin aiki, gobe lekol, wato makarantar boko, a rufe. Alhajin da nake tsare wa sito a Sabon Gari ya ce in ɗan huta tukuna. Na huta wata biyar. Daga nan na bi wani dillalin 'yan aiki zuwa Najeriya, na bar Inna da matata Ramatu da ɗiyarmu Zuwaira, tana da shekara biyu.

Dillalin ya ce tunda na yi lekol har aji shida, aikin sito za a ba ni a wata babbar gona. A tashar Funtuwa ya zaunar da mu, mu tara, ya ce zai sayo goro. Goron da bai dawo da shi ba ke nan har yau. Wani ƙato mai hular kwano ya zo ya ce shi ne Oga Sule, shugaban 'yan aikin gonar, kuma an riga an damƙa mu a hannunsa. Ya karɓe katin shaidarmu duka, wai don kada su ɓata a daji.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni aikin sito aka ce mini."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗan Faransa, sito yana da mai shi. Kai dai bayanka lafiya?"

"Lafiya lau."

"To shi muke so."

Wani siriri da ke kusa da ni ya fashe da dariya. Rabe ke nan, mutumin Jiratawa, wanda ya taɓa aiki a gonar shekarar da ta wuce. Ya ce, "Malam Lawali, goyo za ka yi. Ba ka taɓa goyon ɗiyarka ba? To yau za ka rama wa Ramatu." Tun a mota ya gama jin sunayen mutanen gidana, ya riƙe su kamar danginsa.

Gonar tana can yamma da Funtuwa, yini guda a bayan tirakta da a ƙafa. Ban taɓa ganin gona irinta ba. Masara ce daga inda ido ya fara har inda ya gaji, kuma ba a noma ta da hauya. Maganin kashe ciyawa ake fesawa. Kowane ɗayanmu yana goya tankin feshi a baya, hannun hagu yana buga famfo, na dama yana riƙe da sandar. Mu jeru mu ashirin, mu shiga kunya-kunya tun raɓa ba ta bushe ba. Maganin kore-shuɗi ne, da wari mai tayar da zuciya. Ciyawar da ka fesa da safe, kafin la'asar ta yi kamar an bi ta da wuta.

Tankina yana yoyo ta murfi. Duk takun da na yi sai in ji sanyi yana bin gadon bayana har ƙugu. Na kai kuka wurin Oga Sule, ya ce in naɗa leda. Na naɗa, bai daina ba. Na koma, ya ce, "Kai kaɗai ne mai fata?" Idan iska ta juya, feshin na gabanka a fuskarka yake sauka. Takalmanmu silifa ne. Akwai manyan takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci a sito, na gan su da idona. Ranar da mai gonar ya zo da baƙi aka raba mana su, aka ɗauki hoto, baƙi na juya baya aka karɓe, aka ƙirga, aka kulle.

Bakin sandar feshin yakan toshe, don ruwan rafi muke haɗawa da shi. Ni da tsinke nake sokawa, in ɓata lokaci, layi ya wuce ni, Oga Sule ya yi ta ihu. Rabe kuwa sai ya kwance kan, ya sa a baki, ya hura, ya tofar, ya mayar.

"Rabe, ka bar wannan abu don Allah."

"Mi zai yi mini? Ciyawa yake kashewa. Ka gan ni da ganye?"

Da yamma kowa ya sha cokali biyu na manja, wai yana wanke ciki. Haka suka tarar ana yi, haka na bi. Cikin wata guda farcena biyu suka yi baƙi suka fita. Haɓo ya zama abin yau da kullum, har ba mai tsayawa don shi. Abin da ya fi damuna lokacin, Allah ya gani, ba jikina ba ne. Tambayata ita ce ko rigar da maganin ya jiƙa tana halatta a yi salla da ita. Na ware riga guda ta salla, na rataye ta nesa a reshen ɗorawa, su Rabe suka yi ta yi mini dariya suna ce mata limamiya.

Akwai wata al'ada a gonar. Bidon da maganin ya ƙare a ciki, wanda su can suke ce wa jarka, rabon 'yan feshi ne. Bi da bi ake ɗauka, kuma an sha ba hamata iska a kansa. Fari ne, mai kauri, mai jan murfi, ba irin na kasuwa da rana ke fasawa ba. A ciki muke ajiye ruwan sha da na alwala. Wanda ya tara da yawa ya kai gida, ya zama mai tsaraba ta gani ta faɗa.

Da rabona ya zo, na tuna Ramatu da tulu a ka, tana sintiri tsakanin gida da famfon unguwa, da Zuwaira a baya. Amma wasiwasina bai bar ni ba. Na kai bidon rafi na wanke da toka, na wanke da sabulu, na zuba yashi na girgiza har hannuna ya gaji. Sau bakwai na yi. Na shanya shi kwana uku, na cika da ruwa, na bar shi ya kwana. Sannan na auna shi da abin da na sani. Malaminmu na Tsibiri ya karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa bai sāke ba, ɗanɗanonsa bai sāke ba, ƙanshinsa bai sāke ba. Na zuba a farin kwano na duba a rana. Na shinshina. Na kurɓa na juya a baki. Garau. Na kira Rabe shi ma ya duba, don shaida ta zama biyu.

Ya ce, "Wallahi ko ruwan asibiti bai kai wanga ba. Bido ya musulunta."

Hankalina ya kwanta, abin da ba ya yawan faruwa. Haka na yi wa guda uku. A jikin kowanne akwai takarda da Turancin Ingilishi wanda ba na iya karantawa, da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Na ce wannan mummunan hoto ba zai shiga ɗakin Inna ba. Na kankare shi tas da wuƙa. Don kada a musanya mini a hanya, na gasa ƙusa na yi ɗigo uku a ƙarƙashin marikin kowanne. Wani direba mai kai masara Maraɗi, wanda ya san unguwarmu, ya karɓa ya ɗaure su a saman kaya. Ranar har waƙa na yi a gona.

Bayan kamar mako shida Rabe ya kwanta. Bakinsa ya fara yin gyambo har ba ya iya haɗiye tuwo, sai kunu. Fatar bayansa ta saɓule inda tanki ke zama. Sannan numfashi. Mutumin da ke cika gona da surutu ya koma sai ya huta tsakanin kalma da kalma. Oga Sule ya ce zazzaɓin damina ne, a ba shi manja. Na roƙe shi tirakta, ya ce tana aiki. Wani Bagwari mai gona kusa da mu, wanda ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, shi ya ɗora Rabe a kekensa, muka tura shi har ƙaramin asibitin wani ƙauye. Na ɗauko bidon ruwanmu na rataya a bayan keken, don hanya da nisa.

Ma'aikaciyar da muka tarar wata dattijuwa ce, Kirista, ana ce mata Sista. Ta duba bakin Rabe, ta duba bayansa, ta dubi farcena, ba ta ko tambayi inda muke aiki ba. Ta wanke masa gyambon da hannunta, tana yi tana faɗa, ba da mu ba, da waɗanda ba sa wurin. Da Rabe ya nemi ruwa na tsiyayo daga bidon. Sai ta riƙe mini hannu.

"Wannan jarkar daga ina?"

"Ta gona ce, amma na wanke ta, Sista. Sau bakwai, da yashi."

"Ko sau saba'in ne. Roba tana shan maganin nan, ɗana. Yana shiga jikinta ya zauna, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin abin da ka zuba. Balle mai, balle abu mai zafi."

Na ce mata launi bai sāke ba, ƙanshi bai sāke ba, na ɗanɗana da bakina. Har na fara kawo mata karatun malaminmu. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi dariya ba.

"Malaminku bai yi ƙarya ba. Shi tsarki ya koya muku. Ni guba nake gaya maka. Babba yana iya ɗauka ya daɗe bai sani ba. Yaro ƙarami fa? Kuna da yara a sansanin?"

Na zauna a ƙasa. Mako shida. Zuwaira tana shan ruwa da ɗan kofinta na roba, ta riƙe da hannu biyu.

Lokacin ba waya a hannun mutane. Wasiƙa sai ta yi wata, ga ma'aikatan gidan waya na can gida yau suna aiki gobe ba sa yi. Kuma ko ta isa, wa zai karanta wa Inna ta yarda ta jefar da bido sabo saboda takarda? Na koma gona na ce wa Oga Sule zan tafi, ya ba ni katina da na Rabe.

"Kati yana wurin manaja, manaja yana Kaduna. Ka jira girbi."

"Ranka ya daɗe, ɗiyata tana shan guba yanzu haka da muke magana."

"Wace guba? Shekara nawa muna sha a jarkar nan? Ni na mutu?" Ya ɗaga tasa ya kafa kai ya sha, ruwa na bin gemunsa. "Ku 'yan Faransa akwai tsoro."

Kwana biyu ina binsa. Rana ta uku na haƙura da katin, na haƙura da kuɗin duk wahalar damina, na je na ɗauko Rabe. Sista ta ba mu magani da takarda zuwa babban asibiti, ta ƙulla mana dafaffen ƙwai huɗu a leda, ta ce Rabe ya daure ya ci ko gwaiduwar ce.

Tafiyar da ake yi a yini biyu ta ci mana kwana biyar. A Funtuwa ba mai, motoci sun yi layi har bayan gari. A Katsina direbobi uku suka ƙi ɗaukar Rabe, suna tsoron ya cika a motarsu. A Jibiya aka sauke mu don ba kati. Na yi bayani da Hausa, na yi da ɗan Faransancin da ya rage mini, aka ce mu zauna a benci. Muka zauna tun hantsi har la'asar. Duk wanda ya wuce da kofin ruwa sai in tuna Zuwaira. Rabe ya jingina da kafaɗata, ya ce a hankali, "Lawali, ka tahi ka bar ni. Ni tawa ta riga ta shiga. Ta yarinya ce ba a sani ba."

Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba. Amma ban iya ba. A ƙarshe wani tsohon jandarma a ɓangarenmu ya ji Rabe yana tari, ya tambaye shi unguwarsu a Jiratawa da sunan mai garinsu, ya ce, "Wannan namu ne, ku wuce." Na kai Rabe gidansu, na damƙa wa wansa takardar Sista, ko ruwa ban tsaya sha ba na nemi motar Tsibiri.

Na shiga gida ba sallamar kirki. Abin da na fara gani shi ne bido a gindin bishiyar bedi, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu don ruwa ya yi sanyi, kofin Zuwaira a kife a kan murfin. Na sa ƙafa na ture shi. Ramatu ta fito da ihu, ta ɗauka ɓarawo ne. Zuwaira ta ɓuya bayan zanenta, ba ta gane ni ba, don na rame na yi baƙi. Na kamo ta na buɗe bakinta ina dubawa, tana kuka. Ba gyambo.

Inna ta fito daga ɗaki. "Lawali! Haukacewa ka yi a Najeriyar?"

"Inna, ina sauran biyun?"

"Ko gaisuwa babu? Wata huɗu ba ka nan, ka shigo kana harbin kaya?"

Na durƙusa na gaishe ta, na sake tambaya. Na biyun yana ɗakin Ramatu, cike da man gyaɗar da take matsa tana sayarwa. Na fito da shi na tuntsurar a rami bayan gida, aikin mako uku, tana tsaye tana kallo, hawaye na zuba. Na ɗauko adda na sassare su biyun, na haƙa rami na binne. Inna ta ce ko gindin in bar mata ta riƙa ba kaji ruwa. Na ce a'a. Ta ce tun ina yaro haka nake, abin da ba kowa ya gani ni nake gani, kuma unguwa duka ta zo ta yi mata barka da bidon nan.

"Na ukun fa, Inna?"

Ta kau da kai. Ashe mako biyu kafin nan 'yan wata jam'iyya sun zagaya gida-gida suna aron bido, za su kai zoɓo da kunun zaƙi wurin babban taronsu a Maraɗi. Inna ta ba da nata don ya fi na kowa kyau. Ba a dawo da shi ba.

Washegari na kai Zuwaira asibiti a Maraɗi. Lokotoro ya duba ta ya ce bai ga komai ba yanzu. Na ce, nan gaba fa? Ya ce wannan ba wanda zai iya gaya mini. Na maimaita tambayar ta wata fuska, ya ce, "Malam, akwai mutane a layi."

Daga nan na wuce ofishin jam'iyyar a Sabon Gari. Na tarar da matasa a kan benci suna shayi. Na ce bido nake nema, fari mai jan murfi, da ɗigo uku a ƙarƙashin mariki, wanda aka zuba zoɓo ranar taro, kuma akwai guba a jikinsa. Ban san yadda maganar za ta sauka a kunnensu ba sai da na ga sun miƙe.

"Wa ya aiko ka? Mu ne muka ba jama'a guba?"

"Ba haka nake nufi ba. Ni ne na..."

"Ɗan wace jam'iyya ne kai? Fito da katinka!"

Ba ni da kati ko na ɗan ƙasa. Suka riƙe mini wuyan riga, wani ya ce a kai ni wurin 'yan sanda don ina yaɗa ƙarya gab da zaɓe. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin ƙofa ne ya raba mu, ya ja ni gefe ya ce kayan taron an kwashe su zuwa gidan wani Alhaji a unguwar Zariya. Na je. Kwana uku ina zama a ƙofar gidan. Da mai gadi ya gaji da ganina ya shiga ya tambayo, ya dawo ya ce an rarraba wa matan da suka yi girki, mata sun fi talatin, daga unguwa-unguwa, wasu daga ƙauye. Na samu bakwai a cikinsu. Ɗaya ta fito mini da bido fari mai jan murfi, na juya shi. Ba ɗigo.

Rabe bai mutu a shekarar ba. Ya ƙara shekara huɗu, amma bai sake riƙe hauya ba. Yakan zauna a bakin lambunsu a Jiratawa yana kallon 'yan'uwansa na ban ruwa. Duk sanda na je gaishe shi, kafin in zauna sai ya ce, "An ga musulmin bidon?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Zuwaira ta girma, ta yi aure, tana da 'ya'ya uku. Tana yawan ciwon ƙirji lokacin sanyi. Ramatu ta ce gadon gidansu ne, kakarta ma haka take. Wataƙila haka ne.

Inna ta rasu ba ta yarda da maganata ba. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne na dawo daga Najeriya ba ko sisi, na fasa tsarabar da na aiko da hannuna.

Roba irin wannan ba ta mutuwa da wuri. Na san yana nan wani gida, ba takarda a jikinsa, ba hoton da zai tsorata kowa, don ni na kankare shi. Masu sayar da ruwa da masu kunu na kasuwar Maraɗi duk sun san ni. Idan na tsaya gaban mai farin bido, tun kafin in yi magana sai ta ce, "Baba, duba abinka," ta karkato mini marikin. In sa yatsa a ƙarƙashi in shafa, in yi mata godiya, in wuce ta gaba.